Tambayar Da Ban Yi Wa Asta Ba

Ku karanta wannan babin a tsanake, jikokina, musamman ke Sa'adatu, domin maganarki ce, ko da yake lokacin da aka yi ta ba ki fi ƙwayar gyaɗa ba a cikin mahaifiyarki. Na ji abin da goggonninku ke faɗa a bayan ɗaki, wai gilashin da kike sawa tun kina aji ɗaya hasken injin kakanki ne ya jawo shi. Ba haka ba ne. Ku dubi dangin kakarku Dada ranar biki, ku nuna min mutum ɗaya da ke gane ɗan'uwansa daga ƙofar gida ba tare da gilashi ba. Idon nan gado ne. Sai dai goggonnin naku ba daga iska suka tsinci zancen ba. Akwai inji, akwai haske, akwai kuma laifi, laifin nan nawa ne. Gara ku ji shi daga wurina yadda ya faru, kafin ya kai ga 'ya'yanku an ƙara masa gishiri.

Aikina ɗaukar hoton cikin jikin mutum ne a asibiti. Na soma tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, ka fito hannunka na warin sinadari har tuwon dare ya ƙi shiga da daɗi. Ina gab da tsufa a aikin aka kawo mana wani sabon inji. Siffarsa kamar rabin tayar babbar mota aka tsayar a kan ƙafa, marar lafiya ya kwanta a tsakiyarsa. Shi ba hoto ɗaya yake ɗauka ya tsaya ba. Akwai feda a ƙasa, muddin ƙafarka na kanta za ka riƙa ganin cikin mutum a allo yana motsi, haƙarƙari na ɗagawa yana sauka. Ranar da na fara taka ta sai da tsigar jikina ta tashi. Amma hasken da ke ratsa mutum ɗin ba a ganinsa, ba a jinsa, kuma in ya yi yawa yana ɓarna a hankali, ya fi kuma yi wa ɗan da ke cikin ciki. Shi ya sa duk wanda ke ɗakin sai ya sa rigar dalma. Ku da kuka san zafin Yola, ku ƙiyasta mutum ya ɗauki wannan nauyi a kafaɗa tun hantsi har azahar. In na cire ta, rigata ta ciki sai an matse.

Mu uku ne a ɗakin kullum. Akwai Dakta Filibus, mutumin wajen Numan, wanda ke zaune a Bekaji, yana zuwa aiki a keke saboda motarsa ta fi sanin garejin makaniki da ƙofar gidansa. Shi ne ya je ya koyo aikin tiyo, wato wani dogon bututu mai fitila da ido a bakinsa, a zura shi ta bakin mutum har ya wuce tumbi, a ciro tsakuwar da ta toshe hanyar matsarmama ba tare da an tsaga ciki ba. Idon tiyon na nuna masa hanji, amma da zarar siririyar wayarsa ta shiga hanyar matsarmama, ya makance ke nan, sai da ni. Sai ya ce, "Malam, haske," in taka. Kafin ya ce ya isa na riga na ɗage ƙafa.

"Kai dai marowaci ne, Malam Hammadu," haka yake ce min. "Hasken nan daga aljihunka yake fita?"

"Daga jikin mai shi yake fita, likita," in ce da shi.

Ta ukunmu Sista Rahila ce, 'yar wajen Ganye, gajeruwa mai ƙarfin hannu, mai riƙe kan marar lafiya tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Hausarta ba ta san mace ba, kowa "shi" ne, har uwarta. Ita ke zuwa mana da dafaffiyar gyaɗa a leda, mu ci a bayan ɗaki tsakanin marar lafiya da marar lafiya, muna gardamar wane gari ya fi kifi mai daɗi. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar na shekarun nan ba. Ina faɗa muku wannan ne don ku san girman abin da na rasa.

Akwai fom da ake cikawa a bakin ƙofa kafin a shigar da kowa. Layinsa na ƙarshe tambaya ce ga mata: akwai ciki ko babu? Ni na matsa aka ƙara layin, ni kuma na kafa dokar cewa mai taka feda shi zai yi tambayar da bakinsa, ya sa hannu. Ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Na tambayi matan manya, na tambayi wata sistar coci da farin ɗankwalinta, na tambayi wata tsohuwa da ta zage ni tas da Fulatanci har ta haɗa da kakannina. Ma'aikata suka sa min suna Malam Kina-da-ciki, in na wuce ta baranda 'yan nas-nas su riƙa ƙunshe dariya. Ina alfahari da sunan nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shekarar da garuruwan arewacin jiha suka faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka kwararo Yola da Jimeta a ƙafa da manyan motoci. Wasu aka kai su sansani a Malkohi, mafi yawa kuwa gidajen dangi suka sauka. Gidanmu na Mbamba ya cika har zaure. Cikin waɗanda suka iso akwai ɗana na fari, mahaifinki ke nan Sa'adatu. Kun san ba na kiran sunansa, Dikko nake cewa, a takarda ma haka zan ce. Yana koyarwa ne a can, ya taho da matarsa Asta, aurensu bai cika shekara biyu ba. Kwana huɗu suka yi a daji, ƙafafunta duk sun tsage.

Ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon waya, sai na yi muku bayani. A gidanmu na wancan lokaci, tun ranar da aka kawo Asta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na shigo ta juya wa bango. In za ta gaishe ni, daga bayan ƙyaure ne, a durƙushe, muryar ma da ƙyar. In za ta wuce ƙofar ɗakina sai ta cire takalmi. Ni ma in na hango ta a bakin famfo sai in tuna da wani abin da na manta a waje. Wannan ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, haka muka taras, kuma a idona har gobe abu ne mai kyau. To amma gida ya cika, famfo ɗaya, ƙofa ɗaya, sai ni da ita muka zama abin dariyar yara, kullum muna kauce wa juna a lungu. Duk da tsoron da ake ciki, watannin nan suna da nasu daɗi. Dada ta aro tukunyar biki, ba a sauke ta ba har wata uku. Da yamma tsofaffi na jere a tabarma suna ba da labarin shanun da suka bari, yara na rububin ƙanzo. Gidan bai sake cika haka ba.

Ana cikin haka Asta ta kwanta. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga amai, idanu suka yi ɗorawa, tana susa har jini. Dada ta ce shawara ce, aka yi jiƙe-jiƙe kwana biyar. Ni duk ta bakin Dada nake ji, don ba zan leƙa ɗakin ba. Da zazzaɓi ya zo da rawar sanyi, na ce wa Dikko ya kai ta asibiti yanzu-yanzu. Mai sikanin ya duba hanta, ya ga tsakuwa ta toshe hanya, ya tsaya nan bai duba mara ba, don layin da ke jiransa ya kai har waje. Dakta Filibus ya ce ruwan ya soma ruɓa, gobe da safe za a shiga. A ɗakin gwaji kuwa tsinken gwajin ciki ya ƙare tun makon da ya wuce, mutane sun fi ƙarfin kaya. A ƙa'ida bai kamata in yi aiki a kan iyalina ba. Amma abokin aikina, wanda shi kaɗai ya iya injin bayan ni, ya kwashe iyalinsa ya yi kudu tun da aka soma raɗe-raɗin Yola ma za a shigo. Ni kaɗai na rage.

Da safe aka turo ta a gadon tura marasa lafiya har bakin ƙofa. Ta sa hijabi a kan rigar asibiti, ta juya fuska ga bango kamar a gida. Fom na hannuna. Suna da shekaru na kwafa daga fayil. Na iso layin ƙarshe, bakina ya ƙi buɗuwa. In tambayi matar ɗana na fari ko tana da ciki, ai tamkar na tambaye ta abin da ke tsakaninta da ɗana ne a ɗaki. Na tsaya biro a hannu ina ta kawo wa kaina hujja. Na ce da akwai da Dada ta sani, da ta sani kuwa da ta gaya min. Na ce yarinyar da ta yi kwana huɗu a daji, ta rame haka, ina ciki zai zauna? Sai ga Sista Rahila ta fito tana gyara safar hannu. Abin da ya rage min kawai in ce, "Sista, tambaye ta," in koma gefe. Kalma uku. Amma ko su ɗin, a kunnen Asta zan faɗe su, sai na ji sun yi min nauyi.

"Malam, ka gama?" in ji Sista. "Ai matan ɗanka ne, kai ka fi mu sanin shi."

Na ja layi a kan "babu", na sa hannu. Ta tura gadon ciki.

An yi mata allurar barci, aka kwantar da ita rubda ciki, tiyo ya shiga. Likita ya ce haske, na taka. Ga ƙashin bayanta a allo, ga haƙarƙarinta na ɗagawa. Yarinyar da ban san fuskarta ba, ga ni ina kallon cikinta. Aka tura ruwan da ke sa hanya ta fito baƙi a hoto, sai ga tsakuwar zaune a ƙasa, ta kai ƙwallon dabino. Ta yi taurin kai. Sau uku ɗan kwandon wayar likita na kama ta tana zamewa, kowane zamewa kuma sai an sake haske. Ranar ban yi rowa ba, don so nake a gama a cece ta. Da ta fito, baƙin ruwa da mugunya suka biyo bayanta, Sista ta ɗaga waƙarta da ƙarfi. Likita ya ce a ɗauki hoto biyu na ajiyewa a fayil, na ɗauka. Na fito ɗakin nan ina jin kaina wani gwarzo.

Bayan kwana huɗu aka sallame ta. Ranar da ta dawo, bayan la'asar, Dada ta kawo min fura a zaure ta zauna tana gyara gilashinta.

"Alhamdulillahi, ta tashi," ta ce. "Saura kuma Allah ya sauke ta lafiya."

"Ya sauke wa?"

Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "Maganar wa muke yi?"

Ludayin ya tsaya a hannuna. Na ce wata nawa? Ta ce a ganinta biyu, ko da ɗan ɗori. Na ce don Allah me ya hana ta gaya min?

"In gaya maka? Cikin fari na matar ɗanka na fari? Ni ma ba gaya min aka yi ba, gani na yi ta daina shan kindirmo. Ko mijin ban ce ya sani ba. Lokacin da nake da cikin Dikko, wa ya je ya gaya wa mahaifinka?"

Ba ta san abin da ta faɗa min ba. Ita a wurinta hoto hoto ne. Furar nan ban ƙarasa ta ba.

Washegari tun kafin a soma ganin marasa lafiya na sami Dakta Filibus da Sista a bayan ɗakinmu, na gaya musu komai. Likita ya tashi ya kunna injin, don yana ajiye lissafin tsawon lokacin da aka taka feda a kan kowane mutum. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Ni da nake gama irin aikin nan a ƙasa da rabin haka. Ya zauna ya yi ta rubutu a bayan wata takarda, ya buga waya ga wani malaminsa, sannan ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ko da ya san da cikin, aikin sai an yi, don in ba a yi ba uwar za ta tafi da ɗan gaba ɗaya. Amma da ya sani, da an matse hasken a kan hanta kaɗai, da an kare mara, da ƙifta ido kawai za a riƙa yi, da ba a ɗauki hotunan fayil ba, da ya zaɓi magungunan barci da wani tunani. Ya ce a lissafinsa abin da ya kai ga ɗan bai kai inda ake tsoro ba, da nisa ma.

"Za ka sa hannu a kan haka?" na ce.

"Malam, ko cikin da bai taɓa ganin asibiti ba, ba mai sa hannu a kansa. Amma rifot sai an rubuta. Ka san doka, kai ka yi ta."

Sista Rahila ta jawo kujera kusa da ni, ta rage murya. Don ƙauna ta yi, Allah ya sani.

"Oga, ka ji ni. Ka rubuta ka tambaye shi, shi ya ce babu. Yaran Fulani kullum haka suna yi, kowa ya sani. Ba wanda zai je ya tambaye shi. Saura maka shekara nawa? Kar ka ɓata fayil naka."

Likita ya juya yana kallon taga, bai ce a yi ba, bai ce kar a yi ba. Na san maganarta gaskiya ce, kowa zai yarda. Asta ba za ta taɓa ganin takardar ba, in ma ta gani ba za ta buɗe baki ta ƙaryata surukinta ba. Wannan ɗin ne ya tsaya min a wuya. Yarinya ta cire takalmi don girmama ƙofar ɗakina, ni kuma in ɗauki shirunta in rufe kaina da shi. Kuma in wani abu ya sami ɗan, za a ce uwarsa ce ta ɓoye. Na karɓi takarda na rubuta da hannuna cewa ban yi tambayar ba, na ja layi ba tare da na sani ba, kuma dalilina kunya ce. Sista ta karanta ta yi tsaki, ta fita tana share ido.

Kwamiti ya zauna. Ba su kore ni ba, sun duba tsufana a aikin. Amma da aka samo wani matashi daga wata jiha, aka ce in koya masa injin wata biyu, sannan in koma ɗakin ajiye fayil. Na koya masa, har da tambayar bakin ƙofa. Daga nan ban sake taka fedar nan ba har na yi ritaya. Ɗakin fayil yana ƙarshen baranda ɗaya da ɗakinmu. In an buɗe ƙofa ina jiyo muryar likita yana cewa haske, ƙafata ta dama ta motsa da kanta a ƙarƙashin tebur. Sunan da aka sa min kuma ya mutu, ba wanda ya ƙara kira na da shi, ko a bayan idona.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan gaya wa Dikko. Ni da shi ba mu saba doguwar magana ba, ɗan fari ne. Na ce ya raka ni gona. Muna tafe a kan kunya, ni a gaba shi a baya, don kada mu haɗa ido, na faɗa masa duka. Ashe ma daga bakina ya fara jin matarsa na da ciki.

"Zai zo lafiya?" ya ce.

"Likita ya ce da yardar Allah."

"Kai fa, Baaba?"

"Ni ban sani ba."

"Kowa ka tambaya," ya ce a hankali. "Har matar da ba ka sani ba. Sai tawa."

Bai taɓa ɗaga min murya ba. Amma kafin wata ya ƙare ya sami koyarwa a wata makaranta a Jimeta, ya kama ɗaki ciki da falo, ya ɗauke Asta. Ya ce don kusa da wurin aiki ne. Sauran baƙin ma suka soma komawa garuruwansu da hanya ta buɗe, Dada ta mayar da tukunyar biki. Gida ya yi fayau. Duk Juma'a Dada kan hau keke napep ta je Jimeta, in zauna a zaure ina jiran ta. In ta dawo ba na tambaya, ita ma ba ta kallona, sai ta wuce tana magana da kaji: "Yau dai har naushi yake yi." Da wannan na rayu wata shida. Na san abin da littafi ya ce, na san lissafin likita daidai ne, amma duk da haka ba irin surar da ban zana wa yaron nan a raina ba.

Kwanakin baya na koma asibitin a kan hawan jinina, na leƙa ɗakin. An canza inji, wannan siriri ne, allonsa fes. Yanzu ba a shigar da mace sai an yi gwajin fitsari, ko me ta ce da bakinta. Dakta Filibus ya yi ritaya yana kiwon kifi, mukan gaisa a waya. Sista Rahila ta rasu shekara uku ke nan, na je har garinsu, na zauna a bencin baya na coci da hulata a hannu. Yarinyar da ke kan injin yanzu ta ce, "Baba, wa kake nema?" Na ce ba kowa. Rigunan dalma na rataye a inda muke rataye namu, na taɓa ɗaya na fito.

An haife ki da damina, Sa'adatu, wata safiya ana yayyafi. Dada ta dawo ta ce mace ce, lafiya lau. Na ce lafiya lau ɗin ta duba ko dai faɗa take? Ta ce in bar ta ta huta. Ranar suna na je, na zauna a waje cikin maza, aka miƙo min ke a naɗe cikin tawul, fuska kaɗai a buɗe. Mutane na kallo, mahaifinki na tsaye a kaina. Na yi addu'a na mayar. Abin da nake so in gani yana cikin tawul ɗin, ban kuma da bakin cewa a buɗe.

Sai da aka yi arba'in. Ina zaune a zaure da hantsi na ji tsayuwar keke napep, na ji an cire takalmi a bakin ƙofa. Na ɗauka za ta wuce ciki wurin Dada, na juya kai gefe don in ba ta hanya. Ba ta wuce ba. Ta durƙusa a gabana, ta kwanto ki daga baya, ta shimfiɗe ki a kan buzuna. Sannan ta ɗago kai. Ranar na fara ganin fuskar Asta, ashe tana da ɗan tabo a gira.

"Baaba," ta ce, "an gaya min abin da ka rubuta, da abin da aka yi maka a wurin aiki."

Na ce wannan ya wuce.

"Ranar nan ina jin ka a bakin ƙofa. Na san tambayar da ake yi, matan ɗakinmu na asibiti sun gaya min. Ina ta addu'a kada ka yi ta. Da ka tambaye ni, Baaba, wallahi da na ce babu."

Na ce ko da haka ne, tambayar tawa ce, ni aka ba amanarta.

"To a raba," ta ce. "Ka ɗauki naka, in ɗauki nawa. Ya yi maka yawa kai kaɗai."

Ta sa hannu ta warware zanin da aka naɗe ki, ta cire miki 'yar safa, ta ja baya kaɗan. Na ɗauki hannunki na dama na soma ƙirga yatsu, na koma na hagu, na sauka ƙafafu. Na juya ki na bi ƙashin bayanki da ɗan yatsa tun daga wuya har ƙasa. Hawaye na sauka a gemuna a gaban matar ɗana, ban kuma ɓoye ba. Da na gama na sake farawa daga hannun dama, ita kuwa tana durƙushe tana jira, ba ta ce min ya isa ba.